Wuƙar da ba ta da aiki

Ƙanwata ce ta kawo mini ita a naɗe cikin ɗankwali, bayan sallar isha'i. Ta ajiye a gabana, ta koma gefen tabarma ta zauna, ba ta ce uffan ba. A ƙarƙashin katifar ɗanta ta same ta. Wuƙa ce lanƙwasasshiya kamar farcen shaho, baƙa wuluk, da zobe a gindin ƙotarta inda ake zura yatsa, an yarfa mata jan fenti kamar jini ne ya bushe a jikinta. Yaron shekararsa 16, yana lakwal, kuma a iya sanina bai taɓa ɗaga wa wani hannu ba.

Da gari ya waye na aika aka kira shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na nuna masa ita.

"Kawu, ado ce fa kawai. Irin ta cikin wasan salula ce, abokaina ma suna da ita."

"To, in ado ce, me ya sa take bin ka fada, wurin hirarku, da dare?"

Ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Saboda tsaro, Kawu."

Amsoshi biyu ya ba ni a zama ɗaya, ado da tsaro, kuma su ne amsoshin da za ka ji a bakin kusan duk matashin da ke yawo da ƙarfe a garin nan na Maradi. Ina so in yi magana a kansu kaifi ɗaya, amma sai na fara faɗin inda nake tsaye, don kada a ɗauke ni maƙiyin wuƙa.

Ni mai tara wuƙaƙe ne. A cikin akwatina akwai wuƙar kakana, ƙirar maƙeran gida, kubenta na fatar jar akuyar Maradi, fatar nan da dukawa ke alfahari da ita. Akwai ta mahaifina, wata siririya mai naɗewa ƙirar Faransa da ake kira Douk-Douk, wadda aka soma ƙerawa a garin Thiers a 1929 aka riƙa jibge ta a kasuwannin ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Da ita yake fere alƙalamin kara, da ita yake raba goro. Akwai wuƙar damtse ta Buzaye da na saya wurin wani dattijo a Babbar Kasuwa wata Jumma'a, ƙotarta kamar gicciye, kubenta da zoben fata da ake zura hannu ciki. Idan na buɗe akwatin nan nakan jima ina juya su. Na san daɗin da mai tarawa yake ji, kuma ba na ganin laifinsa ko kaɗan.

Garin namu ma ba baƙon ƙarfe ba ne. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu a 1807, da takobi suka kafa wannan gari suka kuma riƙe shi, tun daga Ɗan Kasawa har Ɗan Baskore. Labarin baka ya ce Sarkin Katsina Korau, mai kirarin yanka mashidi, ƙarfe ya sa ya gama da Sanau a wurin kokawa, kuma takobin nan Gajere na nan cikin kayan sarautar Katsina har yau. Bayajidda ma sai da ya biya ta wurin maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa kafin ya isa rijiyar Kusugu. A ƙasar nan ta Nijar babbar kyautar kokawar gargajiya takobi ce, kuma wanda ya fara ɗaukarta a Tawa a 1975 ɗan Maradi ne, Kantu, wanda filin kokawarmu ke amsa sunansa. Ranar hawan salla, a nan ko a Tibiri, mahaya na rataye da takubba a hamila, yara na bin su da gudu, ba wanda gabansa ke faɗuwa. Saboda haka duk wanda ya ce a raba Bamaraɗe da wuƙa gaba ɗaya, bai san inda yake ba.

Sai dai akwai wata tambaya da na tashi ina ji a bakin maƙera, wadda yanzu ta ɓace daga cinikin wuƙa, kuma ɓacewarta ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina yaro, idan an taso daga makarantar allo, nakan zauna a maƙerar wani dattijo a tsohon gari ina ja masa zuga-zugi. Duk wanda ya zo ya ce a ƙera masa wuƙa, kafin a yi zancen kuɗi, sai tsohon ya ce: "Ta wane aiki ce?" Dole ya tambaya, don aikin ne ke fitar da siffar. Wuƙar yanka doguwa ce, siririya, ana so ta wuce sau ɗaya ba tare da an wahalar da dabba ba. Ta fiɗa gajera ce mai ciki, bakinta a ɗan zagaye don kada ta huda fata ta ɓata wa mai jima kaya. Mai kilishi na son wadda za ta shimfiɗa tsoka ta zama kamar takarda. Baduku da tasa, wanzami da askarsa, mai yankan ciyawa da laujensa, mai shiga daji da addarsa. Idan ya ji amsar, sai ya zaɓo ƙarfe, galibi guntun sifirin ɗin tsohuwar mota, ya cusa cikin gawayi har ya yi jawur, ya ɗauko da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera ya bi shi da masaba. In siffa ta fito, ya sake gasa shi ya tsoma a ruwa ko baƙin mai don ya yi tauri, sannan ya ɗan mayar da shi kusa da wuta don kada taurin ya yi yawa ya riƙa ɓallewa. Sanin daidai lokacin da za a cire shi, daga launin ƙarfen kawai, shi ne gwanintar da ake gada.

Tambayar ta sana'a ce, amma tana yin wani aiki na biyu wanda ban gane ba sai da na girma. Wanda ba shi da amsa ba ya samun wuƙa. Na taɓa ganin wani saurayi ya zo yana huci, ya ce a yi masa mai baki biyu, mai tsini, wadda za ta shige cikin wando. Tsohon bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗan wane ne kai?" Da ya ji sunan uban, ya ce, "Je ka ce ya zo da kansa." Shi ke nan. Maƙerin ya san cewa idan ƙarfensa ya yi ɓarna, za a gane hannunsa a jikin ƙirar, kuma akwai Sarkin Maƙera a sama da shi. Mahauci ma akwai Sarkin Fawa a kansa, wanzami da Sarkin Aska, maharbi da nasa shugaban. Ko 'yan tauri, da ke wasa da wuƙa a bainar jama'a suna goga ta a ciki da wuya, suna da manya, suna da ranar wasa da filin wasa. Kowace wuƙa da ke yawo a gari akwai wanda za a je wa a ce, "Yaronka ya yi kaza."

Yau je ka duba teburan da ke bakin kasuwa da tasha. Tsakanin cocila da cajar salula da makullai, ga wuƙaƙe nan an zube daga kwali, yawanci daga China. Wata danna maɓalli za ka yi ta fallo da kanta. Wata an yi mata haƙora a baya kamar zarto. Wata kwaikwayon takobin jaruman fina-finan Turkiyya ne da aka fassara mana zuwa Hausa, wata ta zanen Japan ce, wata ta wasannin harbi na salula. Mai teburin bai san ƙarfen da aka yi ta da shi ba, bai san mai saye ba, kuma ba ruwansa. Ɗan ƙanwata jika biyu ya bayar ya karɓo tasa. Ba wanda ya ce masa ta wane aiki ce, ba wanda ya ce masa ɗan wane ne kai.

Abin da ya fi ba ni takaici, ita wannan mai kama da farcen shaho tana da aiki a garinsu. Daga tsibirin Sumatra na Indonesiya asalinta yake, sunanta karambit, kuma ta fara ne a matsayin ƙaramin kayan aikin gona kafin masu koyon dabarun faɗa su ɗauke ta. Da ta iso hannun yaranmu ta hanyar allon salula, aikin ya zube a hanya, siffar tsoratarwa kaɗai ta rage. Ba ta fere rogo, ba ta yanka albasa, ba ta fiɗa. Abu ɗaya ya rage mata da za ta iya, kuma kowa ya san shi.

Bari in ɗauki amsar yaron ta farko, ado. Na yarda da ado. Wanda fim ya burge shi har ya sayi kwaikwayon takobin jaruminsa ya rataya a bangon ɗaki, bai yi wa kowa laifi ba, kamar yadda mai liƙa hoton ɗan ƙwallo bai yi ba. Hasali ma yawancin manyan takubban nan ba makamai ba ne. Ana yin su da farin ƙarfe marar tsatsa don ƙyalli, wanda idan ya yi tsawo ba ya jure duka. Cikin ƙotar kuma, inda takobin gaske ke da ƙarfe mai kauri da ya zarce daga ruwan har gindi, su wani siririn sanda ne aka liƙa da walda. Ka kai sara da ƙarfi, ya karye daga nan, ruwan ya tashi sama ya sauka inda Allah ya nufa, ko a kanka ko a kan ƙaninka da ke tsaye yana kallo. Wurin irin wannan kaya bango ne. Amma da zarar an kai shi wurin mai injin wasa wuƙa an fitar masa da kaifi, ko an soke shi a ƙugu an fita da shi, ya tashi daga ado. Kayan ado ba ya buƙatar kaifi, ba ya kuma buƙatar rakiya zuwa gidan kallon ƙwallo.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Tsoron gaskiya ne. Ana ƙwace wa mutane salula a lungu. Ɗan kabu-kabu na ɗaukar fasinja da dare bai san ko babur ɗinsa ake so ba. Mutanen karkarar Madarunfa da Gidan Runji sun kwana da fargabar 'yan bindiga shekara da shekaru, kuma tun 2019 muke karɓar 'yan'uwanmu da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina. Wanda ya ce wa matashi "ba komai, kwantar da hankalinka" ƙarya ya yi masa.

To amma a dubi abin da wuƙar aljihu ke iya yi da wanda ba ta iya yi. Ba ta tare harsashi. Ɓarawon da ya shirya maka shi ke zaɓar lokaci da wuri, yana zuwa da abokin tafiya, kuma nasa ƙarfen a zare yake tun kana lalubar aljihu. Inda wuƙar ke fitowa da gaske shi ne wurin da ba a shirya faɗa ba: gardamar ƙwallo, bashin dala ɗari, zancen budurwa, wani ya taka wani a wurin biki. Faɗan da a da zai ƙare da mari biyu da yagaggiyar riga, manya su raba, gobe a sha shayi tare. Sanda tana da awo, kana iya bugawa a hankali. Wuƙa ba ta da shi. Yara da yawa na zaton idan suka soki mutum a cinya ko a damtse gargaɗi ne kawai suka yi. Ba su san cewa babbar jijiyar jini ta ratsa ta cikin cinya ba, wadda in ta tsinke mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintoci, tun ba a samo abin hawa ba.

Na ga haka da idona, shi ya sa ba na iya yin wannan magana da sanyin rai. Shekarun baya, a wata fada kusa da gidanmu, yara biyu da suka tashi tare, uwayensu na aron turmi a wurin juna, suka yi sa-in-sa a kan abin da bai kai a faɗa ba. Ɗaya na da wuƙa a aljihu, ta tsaro. Sau ɗaya ya kai hannu. Mu muka ɗauki ɗayan, na danne raunin da rawanina har muka isa asibiti, amma rai ya riga ya yi halinsa. Wanda ya yi sukan yana gidan kaso, kuma duk wanda ya je gaishe shi abu ɗaya yake ji daga bakinsa, cewa shi bai yi niyya ba. Na yarda bai yi niyya ba. Da ya fito gida hannu rabbana a daren nan, da yanzu su biyun suna da 'ya'ya. Uwayen nan biyu har yau ƙofofinsu na kallon juna.

Ba ma buƙatar dogon tunani don mu san inda wannan hanya ke kaiwa. Damagaram ta sha fama da 'yan fale, Katsina da ƙauraye, Kano da 'yan daba, Gombe da 'yan kalare. Ba inda aka fara da gungun masu kisa. Da yara aka fara, kowa na cewa tunda wancan yana da ita, ni ma sai na riƙe.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba, kuma ina mamakin yadda ba a cika jin sa a huɗuba ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Ya hana a miƙa wa juna takobi a zare. Ya ce wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, mala'iku na la'antarsa har sai ya daina, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shi ne kuma ya ce mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. A lura, zamanin da kowa ke da makami ne, zamanin yaƙi, amma ga irin ladabin da aka ɗora wa ƙarfe. Ɗan da ke jujjuya wuƙa a yatsa yana ɗaukar bidiyo, yana kai wa abokinsa sukan wasa, ya kamata ya ji hadisin nan daga bakin limamin unguwarsu.

Akwai masu cewa hukuma ta yi shara kawai, duk wanda aka samu da ƙarfe a tafi da shi. Ina tsoron wannan. Na san wanda zai fara shiga hannu: Bafillacen da ya shigo cin kasuwar Litinin da addarsa a kafaɗa, manomin da ya taso daga fadamar Gulbi da lauje, yaron mahauci da ke kai wa ubangidansa kayan aiki, Buzun da wuƙar damtse wani yanki ce ta suturarsa. Su ne ba sa ɓoyewa, don ba su da abin ɓoyewa. Mai mugun nufi kuwa tasa na cikin safa. Hana siffa ma kaɗai ba ya wadatarwa. Ingila ta hana dogayen takubba masu lanƙwasa irin na Japan a 2008, ta hana wasu manyan wuƙaƙen ban tsoro a 2024, ta ƙara da wani nau'in takobi a 2025, amma wuƙar da aka fi yin kisa da ita a can ta ɗakin girki ce. Wuƙar Okapi da Jamusawa suka fara ƙerawa a 1902 don kasuwannin Afirka, ta aikin yau da kullum ce, sai ga shi a unguwannin Afirka ta Kudu sunanta ya zama na makamin 'yan iska.

Abin da ya burge ni a dokar Ingila wani wuri ne daban. Tun 1988 suka ce kana iya yawo da ƙaramar wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wajen santimita 7 da rabi. Abin da ya wuce haka, in an same ka da shi a bainar jama'a, sai ka kawo dalili mai kyau: sana'a, addini, ko suturar gargajiya. Cewa "don kare kaina" ba ya cikin dalilan da ake karɓa. Da na fahimci wannan sai na tuna maƙerar tsohon gari. Tambayar dattijon nan ce suka mayar doka.

Ita nake so a dawo da ita, kuma ba sai an jira wata sabuwar doka daga Yamai ba. Shugabannin 'yan kasuwa su zauna da Sarkin Maƙera da masu unguwanni, a yarda cewa mai tebur ba zai sayar wa yaro wuƙar da ba ta girki ba ce, ba ta sana'a ba, kuma mai injin wasawa ba zai fitar wa takobin ado kaifi ba. Wanda ya karya, 'yan'uwansa 'yan kasuwa su fara hukunta shi kafin a kai ga kwamisariya. Kowace fada tana da shugaba, kuma maganarsa ta fi ta uba shiga kunnen yaran. Idan shugaban fada ya ce ba a zama a tabarmarsa da ƙarfe a jiki, an gama. Ɗan sanda kuma in ya tare mutum, ya tambayi aikin wuƙar, ya dubi wuri da lokaci. Adda a hanyar gona da hantsi daban take da adda a ƙofar gidan biki da tsakar dare.

Masu sha'awar tarawa irina kuma ina da ƙorafi a kanmu. Muna zuba kuɗi a kan gwangwanin da aka buga dubu-dubu a masana'anta, alhali maƙeranmu sun koma gyaran kwasa da ƙera murhu don ba mai neman aikin gwaninta. Tsofaffin takubba da masu da barandami na kwance a ɗakunan kakanni suna cin tsatsa, wasu an sayar wa masu awon ƙarfe da kilo. Ina fata fadar Sarkin Katsinan Maradi, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta ware ɗaki guda a tara irin waɗannan, a rubuta sunan kowanne da aikinsa da garin da aka ƙera shi, tun masu sanin sunayen suna raye. Yaron da ya ga takobin da kakansa ya hau doki da shi, ya ji nauyinsa a hannu, da wuya fentin China ya sake ruɗarsa.

Ɗan ƙanwata kuwa, ban doke shi ba, ban kuma yi masa dogon wa'azi ba. Na ɗauke shi a babur muka je tsohon gari. Dattijon ya rasu tuni, ɗansa ne a kan uwar maƙera, shi ma furfura ta fara fito masa. Na miƙa masa baƙar wuƙar. Ya juya ta, ya gwada ta a kan wata igiyar kaba, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya saurari ƙararta, ya ajiye gefe. Sannan ya dubi yaron.

"Samari, in wuƙa kake so, a yi maka ta kirki. Ta wane aiki ce?"

Yaron ya dube ni, na kau da kai. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce babbar salla ta kusa, kuma bana yana so shi zai feɗe ragon gidansu.

Shi ya ja zuga-zugin da kansa har aka gama. Tana wurin uwarsa a ɗakin girki, cikin kube, sai ranar aiki take fitowa. Baƙar kuma tana cikin akwatina, na kulle. Ya ce mini abokansa huɗu ne ke da irinta. Na san iyayen biyu daga ciki, kuma gobe bayan la'asar, in Allah ya kai mu, gidan na farkon zan fara zuwa.